Kafin Ka Cika Kuɗin Gida, Koma Ka Sake Dubawa

(Kiɗan buɗe shiri)

 Jama'a masu sauraronmu a Talata Mafara da Bakura da Maradun da garuruwan da ke kewaye da su, ga shirinmu na yau.  

Zancenmu na yau na mai sayen gida ne, ba wanda ke nema ba, wanda ya riga ya samu. An kai shi ya gani, ya taya, mai gida ya ce albarka, ya ƙara, aka ja aka ja har aka sallama. An ba da kafin alƙalami, an tsayar da ranar cika kuɗi da karɓar makulli. A wurin yawancinmu magana ta ƙare ke nan, sai jiran rana. Ni kuwa a ganina saura aiki guda, kuma duk cikin hidimar babu mai arha kamarsa: ka koma gidan nan jajibirin biya, ko da hantsin ranar, ka sake duba shi tun daga bakin titi har makewayi, alhali kuɗinka na hannunka.

Me ya sa? A wajenmu ba kasafai ake sallamawa yau a biya gobe ba. Wani yana jiran ya yanke shinkafarsa ta Bakolori ya sayar, wani sai ya kai shanu kasuwa, wani ma'aikaci ne da ke dakon kuɗin sallama. Wata ɗaya, wata uku, wani sa'in damina guda ke shiga tsakani. Gidan da ka gani a watan Maris, ƙasa a bushe ƙamas, ba lallai ne shi za a miƙa maka a watan Satumba ba. Sannan ranar da ka fara zuwa, gidan cike yake da mutane da kaya. Gado ya tare wannan kusurwa, jeren uwargida ya rufe wancan bango, leda ta lulluɓe daɓe, labule ya sauka kan taga. Ka shiga da sallama, kanka a ƙasa saboda matan mutane, ka leƙa ɗaki biyu ka fito. Fasalin gida ka gani, ba lafiyarsa ba. Ita lafiyar ba ta ganuwa sai an kwashe kaya.

Na san abin da ke hana mu komawa. Kunya ce. A garuruwanmu da wuya ka sayi gida hannun baƙo. Mai sayarwa ko abokin mahaifinka ne, ko sahunku ɗaya a masallaci, ko surukin yayanka ne. Ka ce za ka sake dubawa, sai ka ji kamar ka kira shi maƙaryaci. Ga dillali kuma, wanda la'adarsa ba ta fita sai an biya, yana iza ka: "Haba Alhaji, gidan Baba ne fa, lafiyarsa lau. Ga wasu can na jira da kuɗi a hannu." To amma ranar Talata a kasuwar Mafara, mai sayen rago yakan buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya lalubi ƙirji, ya ja shi ya ga tafiyarsa, mai ragon na tsaye yana kallo, bai taɓa cewa an ci mutuncinsa ba. Rago kwana nawa zai yi a hannunka? Gida kuwa ƙarƙashinsa za ka kwantar da 'ya'yanka. In ka iya bakinka, babu abin ɓacin rai a ciki. "Baba, ina so in shigo da magini gobe ya ga abin da zan gyara kafin iyali su tare." Dattijon arziki bismilla zai ce maka. Wanda ya hau faɗa kan wannan kuwa, ya ƙara maka dalilin dubawa.

Kada wani ya ce ai wannan tsarin Turawa ne. Gaskiya ne a Amurka mai saye kan zaga gida zagayen ƙarshe ana gobe sa hannu, ko 'yan sa'o'i kafin nan. A Ingila kuma yakan ɗauki masanin gini ya rubuta masa rahoto, domin dokarsu, wadda Najeriya ta gaji wani sashe nata, mai saye ta ɗora wa nauyin buɗe ido. Amma malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tsefe wannan magana, kuma da fiƙihunsu alƙalanmu ke raba gardamar ciniki tun kafin Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Wanda ya zauna gaban malami ya kai babin ciniki a Mukhtasar na Shehu Khalil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya san abin da zan faɗa.

Da farko, an yarda mai saye ya gindaya sharaɗin zaɓi, wato a ba shi lokaci ya bincika ya yi shawara kafin ciniki ya tabbata. Ga gida, lokacin ya kai kimanin wata guda, ya fi na dabba da na tufafi nesa, saboda malamai sun san gida ba ya sanuwa a wuni ɗaya. A cikin wannan lokaci gidan na mai sayarwa ne, in bango ya faɗi asarar tasa ce. Sai dai zaɓin ba ya zuwa da kansa. Dole ka faɗe shi lokacin ƙulla ciniki, a gaban shaidu. In ka yi shiru aka sallama maka ka karɓa, ciniki ya ƙullu. Saboda haka wanda bai kai ga sallamawa ba tukuna, ya riƙe wannan: ya ce ciniki ba zai tabbata ba sai ya sake dubawa bayan an kwashe kaya. A kuma yi maganar kafin alƙalami tun ranar, domin Imamu Malik bai halatta sharaɗin cewa in an fasa ciniki mai kaya ya cinye abin da aka ba shi ba.

Wajibi ne kuma mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ya faɗe shi dalla-dalla ko ya kama hannunka ya nuna maka. Irin maganar nan ta "na sayar maka da shi yadda yake" ba ta wanke wanda ya san ɗakin tsakiya na yoyo ya yi gum.

Ga inda na fi so ku kasa kunne. Malamai ba su ɗauki aibin gida kamar aibin sauran kaya ba. Sun kasa shi uku. Akwai ɗan ƙarami wanda ba a kula shi, ba ka da komai a kansa. Akwai matsakaici, kamar tsagewar bango wadda ba a tsoron ta kayar da gidan. Wannan ba ya ba ka damar mayar da gida, iyakarka a kimanta aibin a rage maka kuɗinsa. Sai babba, wanda ake tsoron rushewa saboda shi, ko wanda ya yanke wani amfani na gidan, kuma misalin da suka kawo shi ne rijiyar gida ta zama mai zartsi a unguwar da rijiyoyin kowa ke da daɗi. A nan ne kaɗai za ka iya cewa ga gidanka, ba ni kuɗina. Aibin da yake a fili kuwa, wanda duk mai ido zai gani, ka gani ka yi shiru ka biya, da wuya alƙali ya saurare ka a kansa daga baya. Kun ga ke nan, bayan biya, abin da shari'a za ta ba ka sau da yawa ragi ne, shi ma bayan zaryar kotu da neman shaidu da ɓata zumunci, wataƙila kuma mai gidan ya riga ya kashe kuɗin. Kafin biya kuwa, zama ɗaya a zaure ya isa. Filla-fillar hukunci, sai ku tuntuɓi malamanku.

To mu tafi gidan. Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka je bayan magariba. Ka ɗauki magini naka, ba wanda ya gina gidan ba, ba kuma wanda dillali ya kawo ba, ka biya shi ladan wuninsa. Ka tafi da maiɗakinka ko yayarka ko wata dattijuwa ta gidanku. Mace ta fi ka sanin gida. Ita za ta lura madafa ba ta da mafitar hayaƙi, ita za ta ga wurin wanke-wanke ba ya zurar da ruwa, ita ce kuma matan maƙwabta za su gaya wa abin da mazansu ba za su gaya maka ba.

Kafin ka shiga, tsaya tsallaken hanya ka dubi yadda gidan ya zauna. Ya fi titi tudu, ko titi ya fi shi? Gidaje da yawa lafiyarsu lau sai da aka ɗaga hanya aka yi lambatu, suka koma kwari, ruwan unguwa ya mayar da zaurensu hanyarsa. Dubi gindin katangun maƙwabta, ruwa kan bar layi inda ya tsaya. Ka tambayi mai shayin bakin layi ko yaran da ke wasa, "In an yi ruwan Agusta, ina yake kwanciya a nan?" Su ba su da la'ada a cinikin. Ka tambayi tsofaffi abin da ke wurin kafin a yi gini. In tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, ƙasar za ta ci gaba da zama shekara da shekaru, tana jan gini ƙasa.

Mu nan muna da wani abu da ba kowane gari ke da shi ba. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, hanyoyin ruwanta suka ratsa filayen Maradun da Mafara da Bakura. Albarka ce ga manomi, amma mai gini kusa da su ko a bakin fadama sai ya yi hattara. Ƙasar wurin takan riƙe damshi har cikin rani, kuma baƙar lakar fadama kumbura take da damina, ta tsattsage da rani. Ginin da aka ɗora mata ba tare da tushe mai zurfi ba, kowace shekara sai ta motsa shi. Alamar damshi tana gindin bango: fenti na ɓarewa, shafe na zuba, wani farin gari kamar gishiri na fitowa. Ka sa tafin hannu ka ji sanyinsa. In ka ga sabon fenti a bango ɗaya tak, ko an shafa daga ƙasa zuwa gwiwa an bar sama, ka tambayi abin da aka rufe.

Tsagewa kuma iri-iri ce. Siririya kamar gashi da ta bazu a kan shafe, yawanci ta shafen ce kawai, ba abin tayar da hankali ba. Wadda ake tsoro ita ce ta karkace, wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta nufi sama, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, ko ta fi faɗi a sama, ko ka gan ta ciki ka fita ka same ta a waje. Wannan tushe ne ke motsi. Ƙofar da ke cijewa da tagar da ta ƙi rufuwa sukan ba da labari iri ɗaya. Ga wata dabara ga wanda ke da sauran lokaci: ranar ganin farko, ka sa fensir ka yi alama a inda tsagewar ta tsaya, ka ɗauki hotonta da waya. Ranar komawa, in ta wuce alamar, ba ta gama tafiya ba. Maginin kuma ya ƙwanƙwasa bango ya ji inda ke amsawa kamar ba komai ciki, ya karci bulo da ƙusa a inda ba shafe. Bulon da aka cika wa yashi aka yi masa rowar siminti, da ɗan karta yake zuba.

Ginin ƙasa ba abin rainawa ba ne. Ya fi na bulo sanyi da bazara, kuma wanda ake kula da yaɓensa yakan ga jikoki. Wanda nake tsoro shi ne ginin ƙasa da aka yi wa rigar siminti. Daga waje sai ka rantse bulo ne. Siminti da laka ba sa kama juna sosai, ruwa ya sami ɗan tsagi ya shiga baya, ya yi ta cin ƙasar a ɓoye, ɓawon simintin na tsaye yana ruɗin ido, sai dare ɗaya cikin ruwan Agusta a ji rugum. Ka tambaya kai tsaye, "Wannan bangon, cikinsa bulo ne ko tubali?" In ana shakka, kaurin bango a bakin ƙofa zai nuna.

Sai rufi. In soro ne, a hau sama. A duba ko ciyawa ta tsiro, ko akwai inda ya lotsa ruwa ke kwanciya, ko indararo ya toshe ko ya karye yana zuba a jikin bango. Daga ciki a duba bakin azara inda ta shiga bango, nan take fara ruɓewa. In kwano ne babu silin, ka shiga ɗaki da rana tsaka ka rufe ƙofa da taga ka ɗaga kai, duk inda haske ya ɓullo ruwa ma zai ɓullo. In da silin, tabon ruwa ba ya ɓuya, sai in an sake fenti. A sa yaro ya leƙa ciki da tocila ya ga katako, ya soka masa ƙusa. Gara takan cinye ciki ta bar baya sumul, kuma hanyarta ta jar ƙasa da ke hawa bango ita ce shaida. A duba yadda aka ɗaure rufin da bango. Iskar farkon damina a ƙasar nan ba ta wasa, kowace shekara sai ta yaye rufin da aka ɗora ba a ɗaure ba.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, muna tare har yanzu, muna maganar komawa a duba gida kafin a cika kuɗinsa.

In da rani kake dubawa, ka yi wa gidan damina da kanka. A kwarara bokiti huɗu ko biyar a tsakar gida, ku tsaya ku ga inda ruwan ya nufa. Ya bi kwata ya fita, ko ya doshi ƙofar ɗaki? In ya fita, ta ina? Sau nawa aka sayi gida, ashe ruwansa ta cikin filin maƙwabci yake bi bisa alfarma, ranar da maƙwabcin ya tashi gini ya toshe, mai sabon gida ya rasa inda zai kai ruwan wankansa.

Rijiya, a ja ruwa a ɗanɗana, a sansana. A tambaya ko tana kai watan Afrilu da Mayu, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa. In burtsatse ce, a tayar da injin a bar shi ya yi aiki kamar rabin sa'a, domin wata takan ba da ruwa minti biyar ta koma tari. Daga nan ka taka da ƙafarka daga bakin rijiya zuwa masai, naka da na maƙwabci na bayan katanga, wanda shi ne ake mantawa. Ma'aikatan lafiya na son a sami tazarar mita 30 tsakaninsu. A cikin gari ba kowane gida ke da wannan fili ba, amma in ka ga taku biyar ne ko shida, ka san ruwan wanki ka saya, na sha sai ka nemo. Ba mu manta da amai da gudawa na 2021 ba, wanda Zamfara na cikin jihohin da ya fi yi wa ɓarna. Shi kansa masan a duba ko ya cika, ko daɓensa ya tsage ya fara zama. Masai mai rufta da mutum ba tatsuniya ba ce.

Akwai tambaya guda da mai sayen gida a Kano ko Zariya ba zai yi ba, amma ɗan Zamfara ya kamata ya yi. An taɓa daka ko niƙa dutsen zinariya a gidan nan? A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma. A cikin gidaje ake sarrafa dutsen, ƙurarsa ta shiga ƙasar tsakar gida, yara na rarrafe suna kai hannu baki. Dalma ba ta da wari, ba ta ruɓewa, shara ba ta kawar da ita. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa kafin maganin da likitoci ke ba yara ya yi amfani. Anka maƙwabciyar Mafara ce, kuma dutse na tafiya a buhu. In ka ji an taɓa wannan sana'a a gidan, kada ka tare da yara sai ma'aikatan lafiya sun auna ƙasar.

Wuta ba sai na daɗe a kanta ba. A kunna kowane makunni, a gwada kowane soket, mai gyaran wuta ya buɗe akwatin ya ga ko wayoyi sun ƙone. Ka karɓi takardar kuɗin wuta ta ƙarshe ko lambar mita, ka je ofishin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda Zamfara ke ƙarƙashinsa, ka ji ko da bashi. Ko wa ya ci bashin, ƙofarka masu yanka za su ƙwanƙwasa. Ka kuma ɗaga kai a waje. Babban layin wuta mai kilobolt 132, irin wanda ya biyo ta Mafara, ƙa'ida ta ware masa mita 15 kowane gefe da ba a gini. Haka nan gidan da ke bakin babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, wadda ake aikin mayarwa tagwaye, a duba katangarsa ko akwai jan fentin ma'aikata, a tambayi inda iyakar hanya ta tsaya.

Yanzu ga abin da ya fi haddasa rigima a wannan zamani, kayan da ke tafiya tare da mai tashi. Ranar da ka ga gida akwai tankin ruwa a sama, da faifan sola a kan rufi, da batura, da injin burtsatse, da fankoki, da ƙofar ƙarfe mai kyau a zaure. Da su ka yi wa gidan kuɗi a ranka. Ranar karɓar makulli sai ka tarar da ramukan ƙusa da wayoyi na reto. Mai gida ya ce ai shi gida ya sayar, ba kaya ba. Ba kullum mugunta ce ba, sau da yawa kowa da abin da ya ɗauka a zuciyarsa. Ƙa'idar malamai ita ce abin da aka kafe a jikin gida, kamar ƙyaure da kantar da aka gina da tsanin da aka buga da ƙusa, yana bin gida, abin da ake ɗauka kuwa na mai shi ne sai in an yi sharaɗi. To batir fa? Injin da ke can ƙasan rijiya fa? Kada ka bari sai an kai ga neman fatawa. A rubuta su ɗaya bayan ɗaya a takardar ciniki, a ɗauki hoto, ranar komawa ka riƙe takardar kana bi kana gani. Har itacen mangwaro ko darbejiyar tsakar gida a ambata, an sha sare su a sayar ana gobe tashi.

Sai mutane. Gida ba ya zama naka a aikace sai ba kowa a ciki, ko kuwa wanda ke ciki da yardarka yake. In akwai ɗan haya, ka zauna da shi ka ji har yaushe ya biya, kuma wa ya ba. Halin tsaro ya koro bayin Allah da yawa daga ƙauyuka zuwa cikin gari, wasu an ba su ɗaki ko kango su fake saboda Allah. Ba laifinsu ba ne, kuma bai kamata su ji labarin an sayar da gida daga bakin baƙo ba. Wanda ya saukar da su shi ya kamata ya yi musu magana cikin mutunci, ya ba su lokaci, kafin ka biya. In ka bari sai bayan biya, kai za ka zama mai korar 'yan gudun hijira a idon unguwa, ko kuma ka biya kuɗin gida ka ci gaba da zaman haya.

A wannan zuwan ne kuma ake taka iyaka. A kira maƙwabta na kowane gefe da mai unguwa, a nuna katangar da ke taka da wadda ake tarayya. In gidan gado ne, ka tabbata an raba, ko dukan magada sun yarda, mata da maza, har wadda ke aure a Gusau da wanda ke ci-rani a kudu. A Malikiyya maƙwabci ba shi da shuf'a, amma abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da ita: in ɗan'uwansa ya sayar maka da rabonsa, yana iya biyan ka abin da ka biya ya karɓe. Takarda kuma a ga ta asali, ba hoto ba, domin ta asalin na iya kasancewa a banki an jinginar. Dokar ƙasa ta 1978 ta ce sauya hannu sai da amincewar gwamna a filin da ke da takardar mallaka ta jiha, ko ta ƙaramar hukuma a na gargajiya, kuma a hukumar ZAGIS da ke Gusau ake bincika takardar jiha. Takardu zance ne mai zaman kansa, za mu ware masa rana.

To ka duba, ka ga aibi. Sai me? Ba kowane aibi ke fasa ciniki ba, kuma wanda ke neman gidan da ba shi da ko ɗigo zai daɗe a haya. Kada kuma ka mayar da dubawar hanyar karya farashin da ka riga ka amince da shi, wannan ma rashin adalci ne. Maginin ya yi lissafin gyara a gaban kowa. In ƙarami ne, ka haɗiye. In mai kuɗi ne, ko a rage daga ciko, ko mai gida ya gyara, ka riƙe wani kaso har ya gama. Ni na fi son ragi, domin wanda ke kan hanyar fita ba ya gyara kamar wanda zai kwana a ɗakin. Abin da ba na so ka karɓa shi ne, "Biya kawai Alhaji, in sha Allahu za a gyara." In kuwa tushe ne ya motsa, ko gidan na kan hanyar ruwa, ko wani magaji bai yarda ba, ka ɗage biya, komai yawan waɗanda aka ce suna jira da kuɗi.

Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta shi a takardar ciniki, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. A biya ta banki in da hali, don a sami shaida. A karɓi makullai duka a zama ɗaya da biyan, na zaure da na ɗakuna da na shago in akwai. Ranar kuma ka sayi sababbin kwaɗuna ka sauya na ƙofar waje, saboda ba ka san hannu nawa tsohon makulli ya ratsa ba.

Nan za mu dakata a yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, inda za mu ɗauki maganar takardun fili da na gida. 

(Kiɗan rufe shiri)